Littafin sito: bin diddigin wa'adin kayan gyaran jirgi

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau Oga ya damƙa min aikin a rubuce. A binciken cikin gida na makon jiya an tarar da gwangwanin giris ɗaya a buɗe, takardar jikinsa ta goge, da kuma silant guda biyu da wa'adinsu ya wuce tun Nuwamba suna zaune a kan kanta tare da masu kyau. Babu wanda ya shafa su a jikin jirgi, Alhamdulillahi, amma babu abin da zai hana da an ɗauka. Jami'an NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, za su zo duba mu a ƙarshen Afirilu, kuma Sashe na 6 na dokokinsu, wanda ya shafi kamfanonin gyaran jirage, bai ɗauki ajiyar kaya da wasa ba.

Shekarata huɗu a siton nan. Hankalina duk yana kan manyan kaya, tayoyi da birki da famfuna, masu zuwa da takardar shaidar inganci, wato 8130-3 ta Amurka ko EASA Form 1 ta Turai. Kayan da ake shafawa ko a zuba su ƙare, wato giris, baƙin mai, man haidurolik, gam, fenti, silant ɗin toshe kafar tankin mai, zobban roba, waɗannan littafi ɗaya ne muke rubuta ranar shigowarsu, shi ke nan. Na buɗe wannan littafin don in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ƙirga. Ni da yaron da ke koyon aiki a wurinmu mun sauke komai daga kanta. Kaya 214 in an ƙirga kowane rukuni daban. Ƙurar hunturu ta rufe kwalaye, sai da muka goge kafin a iya karanta rubutu. Guda 31 sun tafi kejin killacewa da jan kati.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Zobban roba sun cinye mana kwana biyu. Su ba a rubuta musu ranar ƙarewa kai tsaye a yawancin leda. Abin da za ka gani shi ne lokacin da aka gasa robar, da rubu'in shekara: 2Q09 na nufin tsakanin Afirilu da Yuni na 2009. Daga nan sai ka san irin robar. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta SAE mai lamba AS5316, wadda a da ake kira ARP5316, ta ba robar naitiril shekara 15, su kuwa robobin Viton da silikon da EPDM ba ta yanka musu wa'adi ba, muddin suna cikin ledarsu ta asali kuma an ajiye su yadda ya kamata: zafi ƙasa da digiri 38, nesa da hasken rana, nesa da injin lantarki mai tartsatsi saboda iskar ozon tana tsattsaga roba.

Mun sami leda tara na MS28775, naitiril ne na layin haidurolik, masu 2Q09. Wa'adinsu ya cika tun tsakiyar bara. Kuma akwatin da suke ciki yana gaban taga, rana na dukansa daga hantsi.

Baba, wanda ya fi kowa daɗewa a hanga, wato rumfar da ake gyara jirage, ya shigo ya same ni ina liƙa musu jan kati. Ya ɗauki ɗaya ya ja ta a yatsunsa, ya ce, "Kai yaro, wannan ai lafiyarta ƙalau." Na ce, "Baba, gaskiyarka, a ido ba ta da laifi. Amma in ta tsiyaye a sama, takarda za a tambaye mu." Ya yi shiru, sannan ya ce in duba kundin gyaran jirgin kansa, domin wani kamfanin ƙera jirgi yana da nasa wa'adin da ya fi na SAE tsauri, kuma nasa ne gaba. Ban yi tunanin haka ba. Na ƙara gurbi a teburina na "tushen wa'adi", don kowane kaya a san daga wace takarda lissafinsa ya fito.

Wani abu da na gyara tun da ina kai: na raba akwatin EPDM da na naitiril nesa da juna. EPDM na man haidurolik ɗin Skydrol ne, mai launin shunayya, naitiril kuwa na jan man haidurolik MIL-PRF-5606. Girmansu kan zo ɗaya, in aka musanya roba ta kumbura ta lalace.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kafa teburin a Excel: lambar kaya, lambar rukuni, ranar ƙerawa, ranar shigowa, ranar ƙarewa, ranar sake gwaji in akwai, zafin ajiya, lambar takardar shaidar inganci, wurin da yake a kanta. Kore in saura fiye da kwana 90, ruwan ɗorawa in ya gaza haka, ja in ya wuce.

Na yi kuskure da rana. Wani gam an rubuta masa 04/05/2025, na shigar da shi 4 ga Mayu. Yaron ne ya lura kwalin daga Amurka yake, su kuwa wata suke fara rubutawa, ashe 5 ga Afirilu ne. Wata guda cur na ƙara masa da hannuna. Sai da muka koma kan duk kayan Amurka ɗaya bayan ɗaya, muka sami irin wannan guda uku. Daga yau a teburina da kan kati wata da haruffa ake rubuta shi, ba da lamba ba.

Kuma na sauya tsarin fitar da kaya. A da wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Amma akwai silant da ya zo a Disamba wanda zai riga na Oktoba ƙarewa, domin ya daɗe a wurin dillali kafin a aiko mana. Yanzu wanda zai riga ƙarewa shi ne a gaban kanta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Katuna masu launi uku da alƙalamin da ba ya gogewa, naira 9,500. Liƙi kawai aka yi yau. Na ƙara ƙaramin kati na "ranar buɗewa" ga gwangwanayen giris.

Talata, 18 ga Fabrairu

Maganar sake gwaji. Cikin kaya 31 da ke keji akwai waɗanda raina bai so a zubar ba, musamman bokitin girisin AeroShell Grease 33 da ba a taɓa buɗewa ba, da katan na Mobilgrease 28. Kuɗi ne mai yawa, da dala aka sayo su.

Na zauna da Malam, shugaban sashen tabbatar da inganci, kusan awa ɗaya. Ya fayyace min abin da na daɗe ina cakuɗawa. Akwai ranar da in ta cika kaya ya mutu, babu ceto. Akwai kuma ranar da ke nufin "a sake dubawa": a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, in ya cika sharuɗɗan da aka ƙera shi a kai, a ƙara masa wa'adi. Sojojin Amurka ma haka suka raba nasu, Nau'i na I ba a ƙara masa, Nau'i na II ana iya ƙarawa bayan gwaji. Ga giris, ana auna taurinsa da wani mazubi mai tsini da ake saki ya nutse a ciki, ana duba yawan man da ya rabu ya taso sama, da zafin da yake fara narkewa. Ba abu ne da za a yi da ido da yatsa a sito ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to mu aika da samfuri mana." Ya ce sharaɗi uku ne. Mai kayan ya yarda a rubuce cewa ana ƙara wa wannan kaya wa'adi, kuma ya faɗi gwajin. Ɗakin gwajin ya zama wanda aka amince da shi. Na uku, kundin tsarin aikinmu da NCAA ta sa wa hannu ya ƙunshi hanyar yin haka. Namu kundin ba shi da wannan babi ko kaɗan. Saboda haka ko da sakamako ya dawo da kyau, ba mu da hurumin sauya kati.

Na ji ba daɗi, amma na ga hujjarsa. Mun tsaya a kan haka: zan nemi farashin gwaji don a sani, shi kuma zai rubuta daftarin babin. Kafin nan, ja ja ne.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na'urar da ke rubuta zafi da laima da kanta ta iso, guda biyu, naira 96,000. Na saita su kowane minti 15. Ɗaya a kantar silant, ɗaya kusa da ƙofa. A da ma'aunin zafi na bango ne kawai, wanda nake dubawa da safe in na shigo.

Litinin, 3 ga Maris

An shiga azumi. Na sauke bayanan mako guda a kwamfuta, kuma abin da na gani ya tsaya min a rai.

Da ƙarfe takwas na safe, lokacin da na saba dubawa, siton yana kan digiri 23 ko 24. Daga azahar zuwa la'asar yana kai 32, ranar Asabar da ƙofa ke rufe ya taɓa 34. Rufin kwano ne, silin ɗin kuma siriri. Takardar silant ɗin PR-1440 ta ce wa'adinsa wata tara, amma da sharaɗin a ajiye shi ƙasa da digiri 27 a mazubinsa na asali. Loctite 242 ma, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, tsakanin 8 da 21 ya fi so. Ke nan ranar da ke jikin kwali alkawari ne da aka yi wa ɗaki mai sanyi, mu kuwa ba mu cika namu ɓangaren ba. Kuma yanzu ne zafi ya fara, a Afirilu garin nan yana haura 40 a waje.

Na rubuta wa Oga takarda ina neman a mayar da kayan sinadari ƙaramin ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki.

Alhamis, 6 ga Maris

Na fitar da PR-1440 B-2 guda biyu don rufe murfin tankin mai a fiffiken hagu na jirgin da ke hanga. Rukunin watan Agusta, wa'adi sai Mayu, bai kai ja ba a teburi. Injiniya ya ce ya yi masa tauri wajen gaurayawa. Ya ajiye ɗan samfuri a kan faranti kamar yadda aka saba.

Litinin, 10 ga Maris

Samfurin bai ƙanƙare ba. Kwana huɗu ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, wannan silant kashi biyu ne a cikin bututu ɗaya, fari-fari da baƙi, ana tura sanda a gauraya su har ya koma toka-toka mai duhu. Lambar 2 da ke bayan B tana nufin awa biyu kake da ita ta shafawa, a ma'aunin digiri 25. Duk lokacin da aka gauraya, ana ajiye ɗan guntu a gefe, domin ba za ka iya shiga cikin tanki kana latsa aikin ba. In guntun ya ƙanƙare, ka san na jikin jirgi ma ya yi. Namu da aka ɗora masa durometa, na'urar auna tauri, bai kai taurin da takarda ta nema ba, wani gefen har yana kama yatsa.

Injiniya ya ƙi sa hannu, kuma daidai ya yi. An kwance murfin, an kankare silant ɗin gaba ɗaya da makankarar roba don kada a ji wa ƙarfen rauni, an wanke da sinadari. Mutum biyu, da azumi a baki, yini guda suna durƙushe ƙarƙashin fiffike cikin warin man jirgi. Jirgin da ya kamata ya fita yau zai ƙara kwana uku ko huɗu.

Da farko an zargi gaurayawa, an ce wataƙila ba a tura sandar yadda ya kamata ba. Ban so a bar laifin a kan Injiniya alhali ina da abin da na sani ba. Na je wurin Malam da takardar zafin siton na ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar Litinin ɗin da ta wuce na ga wannan. Na rubuta neman a sauya ɗaki, amma ban killace kayan ba, kuma ni na fitar da shi ranar Alhamis." Teburin bai nuna ja ba, ni kuma na bi launi na manta da abin da na gani da idona kwana uku kafin nan. Abin ya dame ni ƙwarai, daren jiya ban yi barcin kirki ba.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo wani bututun daga rukunin Agusta da ɗaya daga sabon rukunin da ya zo a Janairu, aka gauraya su a ofishinsa mai sanyi, shi da kansa yana ƙirga turin sandar. An rufe murfin jirgin da na Janairu, da sabon samfuri a gefe. Duk sauran rukunin Agusta, guda bakwai, sun shiga keji.

Juma'a, 14 ga Maris

Sakamako: na Janairu ya ƙanƙare sumul, na jikin jirgi da na ofis. Na Agusta ya sake yin laushi. Ke nan ba hannun Injiniya ba ne, na je na same shi na faɗa masa a gaban mutanensa. Jirgi ya fita jiya bayan gwajin tsiyaya.

Mun sanar da dillalin da ya sayar mana. Amsarsa layi biyu ce: mu aiko da rikodin zafin ajiya tun daga ranar da kayan suka shigo hannunmu a Oktoba. Ba mu da komai kafin 24 ga Fabrairu. Ko a hanya ya lalace, ko a wurinsa, ko a sitonmu, ba mu da bakin magana. Asarar bututu goma tamu ce, ban da kwanakin jirgi.

Oga ya sa hannu a kan ɗakin. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki da cika mata iska, naira 68,000. Ƙaramin firij na kayan da ke son sanyi sosai, naira 265,000. Na liƙa takarda a ƙofarsa cewa ba na ruwan sha ba ne, kuma duk abin da aka ciro a bar shi a rufe ya dawo zafin ɗaki kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta a ciki. Ba komai ne ke shiga firij ba, kowane kaya sai na duba takardarsa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ɗakin yana tsakanin 21 da 24. An kwashe komai. Dillali ya aiko da farashin gwajin giris a waje: da kuɗin aikawa ya kusa kuɗin sabon katan na Mobilgrease 28, don haka wannan ba riba. Bokitin Grease 33 ne kaɗai lissafi ya nuna ya cancanta.

Litinin, 24 ga Maris

An ɗauke wuta ranar Asabar da daddare, janareton hanga kuma ba a kunna shi in babu aiki. Na'ura ta nuna ɗakin ya haura 27 tun ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi, ya kai 31, bai sauko ba sai bayan isha'i da wuta ta dawo. Kusan awa tara.

Wannan karon ban jira kowa ba. Na sa wa duk silant da gam kati mai ruwan ɗorawa na "a dakata", na aika wa masu kayan jadawalin zafin ina tambaya. Bambancin yau da maganar rukunin Agusta shi ne ina da abin nunawa, awa da awa. Malam ya ce kafin amsa ta zo, in aiki ya taso, a gauraya samfuri daga rukunin a gani tukuna kafin a kai shi jikin jirgi, kuma shi zai sa hannu.

Mai gadi ya karɓi lambar wayata. In wuta ta wuce awa biyu ba ta dawo ba a ƙarshen mako, ya kira ni. Na nemi farashin inbata da batura.

Alhamis, 3 ga Afirilu

An dawo daga hutun Sallah. Ɗakin bai wuce 25 ba duk kwanakin, sau ɗaya mai gadi ya kira aka tayar da janareto. Amsa ta zo a rubuce kan silant ɗin: a ci gaba da amfani da shi zuwa wa'adinsa. Na ajiye takardar a fayil ɗin rukunin. Gam guda ɗaya har yanzu shiru, yana nan a dakace.

Talata, 8 ga Afirilu

Ranar lalata kayan keji, Malam yana tsaye yana sa hannu a kan kowane layi. Zobban roba mun datse su da almakashi ɗaya-ɗaya. Silant mun gauraya shi mun bar shi ya daskare gwargwadon yadda zai yi, fenti da sinadarai an ware wa masu kwashe shara mai guba. Takardun jikin gwangwanaye duk an kankare.

Wani daga cikin direbobinmu ya roƙe ni girisin, ya ce injin markaɗen gidansu zai sa wa. Na san da gaske yake, kuma girisin zai yi masa aiki. Na ce, "Yayana, ka yi haƙuri, a gwangwaninsa ba zai fita daga nan ba." Tsorona shi ne gwangwani mai suna da lambar rukuni ya bi hannu zuwa hannu ya faɗa kasuwa, wani ya goge rana ya sayar wa wata hangar. Malam ya yarda a juye masa a robar fenti marar rubutu, aka rubuta a takarda cewa an fitar da shi daga aikin jirgi, aka huda gwangwanayen.

Da muka haɗa lissafi, fiye da rabin abin da aka zubar ba a taɓa buɗe shi ba. An sayo da yawa ne saboda wahalar shigo da kaya da tsadar dala, sai ya mutu a kanta. Na fitar da adadin silant da muka yi amfani da shi bara daga katunan aiki, na kai wa mai sayayya. Shawarata a riƙa sayen na wata uku-uku, kuma a rubuta a takardar oda cewa ba za mu karɓi kayan da ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wa'adinsa ba.

Litinin, 14 ga Afirilu

Waje 41 da rana, ɗakin 23. Teburi yana da layi 188: ja babu, ruwan ɗorawa 12. Yaron yanzu shi ke sauke bayanan zafi duk Litinin da safe, ni in duba in sa hannu, kuma na ƙara gurbin da ke hana kaya zama kore in zafin makon ya ƙetare iyakarsa har sai Malam ya sake shi.

Daftarin babin sake gwaji ya tafi NCAA ranar Juma'a. Bokitin Grease 33 yana keji da katinsa, ba za a ɗebi samfuri ba sai babin ya dawo da sa hannu. Inbata har yanzu tana teburin Oga, farashi biyu na samu, ana jiran na uku. Akwatunan kayan aikin injiniyoyi ban taɓa su ba tukuna, kuma na san akwai ragowar Loctite da bututun giris da suka daɗe a ciki ba su cikin teburina. Baba ya ce in fara da nasa gobe bayan azahar.